Jinkar Majami'a da Ɗakin Yaya Daudu

Jajaye, ƙasar Rogo
Watan Mayu, 1953

Zuwa ga Yaya Daudu a Bukuru,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Saude, ya kuma kiyaye ku a ramin kuza. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa rijiya, akuyarka kuma ta haifi biyu.

Bayan haka, ga abin da ya sa na rubuto. Iskar bazara ta yaye jinkar majami'armu, ta bar mu da tsaiko tsirara, ga damina a bakin ƙofa. Ka san ginin ƙasa, in ruwa ya same shi a buɗe, sai dai a sake sabo. Malam Sulle mai bishara ya kira gayya, amma ya ce ba za a dafa giya ba, kunu za a dama. Da danginmu na unguwar gabas suka ji, sai suka yi ta dariya, wai tun kaka da kakanni ba su taɓa hawa jinka da kunu a ciki ba. Ba wanda ya zo. Mu 'yan majami'a kuwa ka san mu, tsofaffi da mata, ba mai iya baibaya.

Ana cikin haka sai ga tsoho Ɗanmaliki da igiyarsa, shi da ko inuwar majami'a ba ya bi. Ya ce kada a ɗauka don Malam ya zo. Don Baraka gwauruwa ya zo, mai share mana majami'a, domin shekarar agana ita kaɗai ta zauna da matarsa sa'ad da kowa ya gudu. Da samari suka ga tsoho a sama, kunya ta kawo su. Muntaka mai jakuna ya ɗauko mana gora daga Falgore, ya ƙi karɓar komai, ya yi sallarsa a gindin tsamiya ya tafi. Sai dai shuci ya gaza, kuma a wannan lokaci ina za a samu ciyawa? Da safe muka tarar da dammuna jibge a ƙofa. Kowa ya ce madalla, ba wanda ya tambayi daga ina.

Ran Lahadi Malam ya yi godiya mai tsawo, ya ambaci kowa, har da ni da ban yi komai ba sai damun kunu. Baraka tana zaune a baya, ba a kira sunanta ba. Ran Talata aka yi ruwan shuka kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo bai shiga majami'a ba. Da na je yi wa Baraka ban gajiya, na same ta tsaye a ɗakinta da tabarma a ka, geronta ya jiƙe sharkaf. Ashe shucin da ta yanka tun kaka don nata ɗakin ne ta kwaso mana. Na ce don me ba ta faɗa ba, ta ce, "Ai ba a tambaye ni ba." Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da ita ba, da mu.

Ɗakinka ya daɗe a rufe, ba mai kwana ciki sai ɓeraye. Na san ka ce kada a taɓa shi sai ka dawo. To, na ɓalle kwaɗon, na kai akwatinka wurin Inna, na sa Baraka a ciki har kaka, sa'ad da Ɗanmaliki ya ce zai baibaye mata nata. Ba izini nake nema ba, Yaya, sanar da kai nake yi. In da faɗa, ka zo ka yi shi a gabanta.

Inna tana gaishe ka, haka Kawu Liti da Barira. A gaida Saude da yara. Baraka ma ta ce a gaishe ka, kuma wai jinkarka tana yoyo ta wajen ƙofa, amma ta riga ta toshe.

Ni ce ƙanwarka,
Hajo