Mutumin da Ke Riƙe da Bijli

Barikin Meerut, Indiya, 4 ga Maris, 1894

Zuwa ga matata Nasiban,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar mahaifiyata Amma? Ya 'yarmu Sakina, tarin ya sake ta?

Nasiban, hankalina ba a kwance yake ba. Kyaftin, Baturen da nake wa aiki, zai koma Ingila, zai kuma sayar da Bijli, goɗiyar da na yi shekara shida ina kula da ita. In ba a samu mai saye ba, keken doki na haya za ta ja, ni kuma in shiga yawon neman aiki. Wani mai gonaki a Bahraich ya ce a fara aiko masa da hotonta.

Jiya wani mai hoto da ake kira Babu Haridas ya zo da akwatinsa. Kyaftin ya ce in tsuguna bayan buhunan ciyawa in riƙe ragama, kada in ɓata hoton. Ita kuwa tana daina ganina sai ta hau kaɗa kai da tonon ƙasa. Gilashin ɗaukar hoto uku suka lalace. Mai hoton ya fito daga ƙarƙashin baƙin mayafinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ko mutumin nan ya fito, ko ka aika da hoton hayaƙi." Kyaftin ya yi tsaki, ya yafito ni. Na tsaya da rawanina a karkace, hannuna a wuyanta. Ko kunne ba ta motsa ba.

Ki taya ni da addu'a.

Mijinki,
Hashmat

29 ga Maris

Nasiban tawa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Albishirinki!

Mai gonakin ya sayi Bijli. Akawu ya karanta mana wasiƙarsa a bakin barga. Mai gonakin ya ce goɗiyar da ta jingina kai da kafaɗar mutum haka ba za ta ci abinci a hannun wani ba, don haka a haɗo da mutumin, a kuma rubuto masa sunansa. A ƙasan hoton sunan Bijli kaɗai aka sa. Kyaftin ya ɗauki alƙalami ya tsaya yana kallona, kunnuwansa suka yi ja. Sai da kuku ya raɗa masa sunana. Shekara shida fa! Ban yi dariya ba, amma kuku ya yi mini tawa a kicin.

Ranar Litinin za mu hau jirgin ƙasa, ni da ita. Daga Bahraich zuwa gida tafiyar rabin yini ce. Ki gaya wa Sakina, mutumin da zai yi sallama ranar Juma'a yana warin doki babanta ne, kada ta gudu.

Ki gaida Amma.

Naki har kullum,
Hashmat