Sa Hannun Baba a Littafin Masu Hawa Dutse

Sansanin gindin dutse,
Juma'a da yamma.

Yaya Bronwyn,

Gaisuwa mai yawa haɗe da kewa. Ina fata kina lafiya, ke da Graeme da yara, kuma zafin Darwin bai gama soya ku ba. Nan babu sabis ko kaɗan, shi ya sa kika ga takarda.

Mun iso lafiya. Awa ɗaya daga Hobart, Baba na gefena yana koya mini tuƙin da na shekara ashirin ina yi. Wurin yana nan yadda kika san shi muna yara: dogayen itatuwan nan, rafin, da sanyin da ke ratsa ƙashi.

Ban manta maganarmu ba. Kin ce tukunya biyu ya ƙona a wata guda, gidan tsofaffi kuma suna jiran sa hannuna kafin ƙarshen wata. Na ce ki ba ni kwana uku in gani da idona. Na sayi ɗan littafi, duk abin da ya manta zan rubuta, ba zan rufa masa ba.

Amma Yaya, da kin gan shi! Mutum mai shekara saba'in da shida ya kafa tantinsa ya dafa shayi, ni ina can ina kokawa da igiya. Wai in bari ya taimaka, kada dare ya same ni a waje in ja masa abin kunya. Tun rasuwar Mama ban ji dariyarsa irin ta yau ba. Gobe da sassafe za mu hau har tafkin sama, zumuɗi ya hana ni zama.

Ƙanwarki,
Kerryn.

Lahadi da hantsi.

Yayata,

Ina sake gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Ki nemi wuri ki zauna.

Mun hau, wallahi mun hau har tafkin. A bakin hanya na rubuta sunayenmu da lokacin dawowarmu a littafin masu hawa dutse da ke cikin akwatin nan, Baba na tsaye a kaina kamar malamin jarrabawa. Can sama hazo ya rufe mu, na miƙe zan bi hagu, ya riƙo jakata ya nuna mini tarin duwatsun alama a dama. Da ni ce jagora da har yanzu muna can. Muka ci burodi da cuku a bakin ruwa, ya ciro mini matsattsaku biyu a ƙafa yana tsokanata wai jinin 'yan birni ya fi zaƙi. Ihu na yi don murna, dutse ya amsa.

Da za mu sauko gwiwata ta dame ni, sai muka yanke ta gajeriyar hanyar da ke faɗowa cikin sansani. Wajen ƙarfe huɗu ina zaune ina rubuta cewa sau uku ya tambaye ni ko na kulle mota. Na ɗaga kai, babu Baba.

Yaya, na zabura na miƙe. Na duba banɗaki, na duba rafi, na tayar da duk maƙwabtan tanti. Wani mai gemu ya tafi kiran ma'aikaciyar gandun daji. Ina kuka ina cewa a raina Bronwyn ta yi gaskiya, ni ce mai taurin kai.

Bayan awa ɗaya da rabi sai ga shi da sandarsa, yana tafe abinsa. Ashe akwatin ya koma. Tunda ba mu biyo ta can ba, ba mu sa hannun dawowa ba, kuma kin san in shida ta yi layinmu babu sa hannu, mutane za a tayar su bazama nemanmu cikin hazo. Ni da na rubuta sunayen, ko a jikina. Ya ce ai ya faɗa mini zai tafi, na ce masa to, kaina na cikin littafin laifuffukansa. A gaban jama'a ya ce, "Kerryn, ki rubuta wannan ma, amma a shafinki." Kowa ya kwashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Ashe tun a mota ya san abin da ya kawo mu.

Yau da safe yana barci na lallaɓa na je akwatin, don zuciyata ba ta kwanta ba. Ya sa hannu, kwanan wata daidai, lokaci daidai, da kyakkyawan rubutunsa. Sai dai ya rubuta, "Des da Lorraine sun dawo lafiya." Sunansa daidai, amma sunan Mama ya sa a gurbin nawa.

Na daɗe tsaye a wurin. Ba ki yi ƙarya ba, Yaya, ni ma ban yi ba. Kansa ya fara yoyo, amma mutumin da ya taka kilomita huɗu don kada a wahalar da bayin Allah, ba zan kai shi inda za a kulle masa ƙofa ba. Ba zan sa hannu ba. Ranar Asabar zan kwaso kayana in koma gidan Baba, ɗakinmu na baya, tukwanen kuma ni zan riƙa dubawa.

Ban gyara sunan ba, kuma ban faɗa masa ba. Ki yi fushinki ki gama, sannan ki kira shi.

Taki har kullum,
Kerryn.