Yadda Babur Ya Kuɓuta daga Maƙera

Gusau, daren Laraba, kakar 1975

Tarihi ya shaida, yau mun ceci tsohon babur ɗinmu daga hannun maƙera. Tun da ɓeraye suka cinye wayoyinsa a zaure, Uwargida ta yanke hukunci: "Malam, wanga ƙarfe in bai tashi ba yau, gobe fartanya za a yi da shi."

Wayoyin da na sayo duk jajaye ne, sai na bambance su da zaren da take ɗinkin hula. Bayan la'asar ya tashi da rurin da ya watsa kaji. Alhamdu lillahi.

Gaskiya ne, in na taka birki, hon ke kuka. Na shaida mata sabon tsari ne saboda jakunan hanyar Bunguɗu.

Ta ce, "To, injiniya. A maido mini zarena."