Bindigar da ke ƙuguna ranar Asabar

Asabar, 2 ga Maris, 2024
Yau na fara zuwa gidan marasa matsuguni da bindiga a ƙuguna, ƙarƙashin riga. Na raba shayi da ƙwai kamar kullum, ba wanda ya lura. Da lasisina. Tun watan Disamba da wani mutum ya tare ni da wuƙa a wurin ajiye motocin gidan nake jiran wannan ranar. Har yau ba a kama shi ba.

Laraba, 6 ga Maris
Mijina Jerome ya ce, "Maman Abby, ko dai ki daina zuwa, ko ki je hannu sake." Shi da yake kwance a gida lokacin da aka ɗora min wuƙa a wuya! Daga Jos na fito, na san abin da ke samun wanda ya tsaya jiran 'yan sanda. Aikin sa kai ne, ba wanda ya aike ni, ba kuma mai hana ni.

Asabar, 9 ga Maris
Olive. Tsohuwar nan da ke kwana a gidan, wadda kullum sai ta rungume ni kafin ta karɓi abinci. Yau hannunta ya sauka a kan ƙarfen. Ta sake ni, ta ja baya, ta ajiye farantinta ta fita. Ko kallona ba ta sake yi ba.

Da rana Debbie, shugabar gidan, ta kira ni ofis. Wai dokar gidan ta hana shiga da makami, wai mutanen nan suna bukatar wurin da hankalinsu zai kwanta. Na ce ni fa, nawa hankalin? Na tuna mata fitilar wurin motocin da ta yi alkawarin gyarawa. Sai ta hau ba ni haƙuri da muryar nan tata mai sanyi. Kamar in fasa ihu.

Lahadi, 10 ga Maris
Ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azin yau ba.

Asabar, 16 ga Maris
Na je, na bar bindigar a kulle cikin mota, raina a ɓace. Olive ba ta shigo ba. Constance mai girki ta ce tun ranar ta kwashe kayanta, a tashar bas ta Silver Spring take kwana, cikin wannan sanyin. Ta ce ɗan Olive ɗaya tilo harbe shi aka yi a gabanta.

To ni na harbe shi? Me ya sa ba wanda ya taɓa gaya min?

Alhamis, 21 ga Maris
A asibitin da nake aiki na yi wa wata sabuwar nas tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk laifin Debbie ne.

Asabar, 23 ga Maris
Bindigar na gida. Siket ɗin da na sa ba ya ɗaukar bel, shi ne kawai dalili.

Na sami Olive a tashar, ƙafafunta sun kumbura. Na ce mata nas ce ni, ta bari in duba. Ta daɗe tana kallon ƙuguna kafin ta miƙo ƙafa ɗaya. Gidan dai ta ce ba za ta koma ba tukuna.

Har yanzu ina ganin da gaskiyata. Ranar Litinin zan kai mata safa.