Notin da Inna Ta Riƙe

Gwarzo.

Ƙanwata Injiniya Badi'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya mutanen Zariya? Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Injin juya tunkuzar da kika zano wa Inna na haɗa shi a shagona, daidai da zanenki. Walda ta zauna tsaf, da na tayar da shi kuwa har maƙwabta suka leƙo. Muka ɗora shi a a-kori-kura muka kai gidan Inna a Durun. To, ranki ya daɗe, inji ya ƙi shiga gida. Ya wuce ƙofar zaure ta waje, amma kin san ta cikin ba ta kallon ta wajen, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Sai an karya kwana, shi kuwa injinki dogo ne, ba ya lanƙwasa. Mun kwantar, mun tayar, mun karkata, har muka ɓantare gefen bango.

Na ce a fasa bangon kawai, daga baya a gyara. Inna ta ce wallahi ba mai taɓa zauren da Baba ya gina da hannunsa, gara ta ci gaba da juyi da muciya har kafaɗar ta cire. Kafaɗar kuma ta matsa mata, ko ɗankwali da ƙyar take ɗaurawa. Raina a ɓace yake. Inji na nan a zaure, kaji na kwana a kai.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Zailani

Zariya.

Yaya Zailani,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, tare da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Don Allah kada a taɓa bangon nan. Faɗin ƙofa na sa a kwamfuta, kwanar ce ban sa ba. Rabona da ratsa zauren tun rasuwar Baba. Ko a zuci na nufo shi, a bakin dakalinsa nake tsayawa, ban taɓa kaiwa ƙofar ciki ba.

Ga sabon zane na haɗo da wasiƙar nan. Ka mayar da injin shago, ka yanke shi gida uku: ƙafafu daban, tukunya daban, kan inji daban. Duk inda ka yanke ka liƙa faranti mai huji, a riƙa haɗawa da noti maimakon walda. Ka huda farantan biyu-biyu a manne, don hujin ya dace. In ka zo ɗaurawa a tsakar gida, kada ka matse ko ɗaya sai dukkansu sun shiga, sannan ka duba bel ya miƙe.

Ka gaida Inna, ka ce aiki ne ya riƙe ni.

Wassalam.
Ƙanwarka, Badi'a

Gwarzo.

Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri. Inji ya shiga! Gunduwa-gunduwa muka ratsa da shi kamar naman layya, bango ko ƙwarzane bai yi ba. Na ɗaura, na tayar, tunkuza ta juyu, mai ya taso. Saudatu maƙwabciya har da guɗa.

Sai dai ƙafa ɗaya tana rawa, don noti guda ya ɓata. Na share tsakar gida, na zazzage buhun kayan aiki, babu. Na ce zan kawo wani daga shago, Inna ta ce kada in soma. Na kuma isar mata da saƙonki na aiki. Ga tata takardar, Saudatu ce ta rubuta mata.

Naki, Zailani

Durun.

Badi'a,

Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Kafaɗa ta samu sauƙi, zaure kuma yana nan yadda kika san shi.

Notin yana ƙulle a bakin zanena. Kin nemo wa ƙarfe hanyar shigowa gidan nan, ke ma ki nemo wa kanki. Ki zo ki ɗaura shi da hannunki. Zan jira ki a ƙofar waje, mu karya kwanar tare.

Ni ce mahaifiyarki,
Uwaliya