Jajayen Ƙwarin da Ka Sa Aka Ƙona

Daga yayarka Kulu a Gozaki zuwa ga ƙanena Ummaru a Gwanja. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a fataucin goro. Mu nan lafiya lau, sai Gwaggo Tsohuwa da jiki ya ƙi, kullum tana zaune a inuwar rumbu.

Bayan haka, raina a ɓace yake da kai, ba zan ɓoye ba. Saƙon da ka aiko ta ayari, cewa a tsince duk wani jan ƙwaro a gonar auduga a ƙona, ya iso hannun abokinka Jibo. Shi kuwa maƙeri ne, bai san kan gona ba. Ya tara gayya, kwana uku suna tsinta. Na je na tsaya a kansa, ya ce umarnin mai gona ne, in koma gida in kama mazarina.

Ashe ka manta yadda Baba yake juya mana bayan ganye yana rarraba ƙwari? Fara da tsutsa ci suke yi, ɓarnarsu a fili take. Masu tsotsa kuwa daban ya ajiye su: ƙananan nan da ke lafewa a bayan ganye suna kawo darɓa, da dogon jan nan mai huda ƙwallon auduga ya ɓata farinta. Amma ɗan ja kewayayye mai ɗigon baƙi, sau nawa ya ce mana wannan makiyayin gona ne, ƙananan masu tsotsa yake ci? Kai ka haɗa su duka da sunan ja. Dogon yana jin motsi ya faɗa ƙasa ya ɓuya, makiyayin da ba ya gudu shi aka cika ƙwarya da shi.

Yanzu darɓa ta rufe gonar. Ganye ya murɗe ya yi baƙi, audugar da ta fashe tana manne wa hannu, ba ta kaɗuwa.

Ka san Gwaggo da ta raine mu abu ɗaya ta roƙa: ta kaɗa zaren likkafaninta da hannunta daga gonar ɗan'uwanta. Saura kaɗan ta gama. Jiya ta tambaye ni yaushe za a kawo audugar bana, na ce sai ta ƙara bushewa. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai a kanka.

Maƙwabtanmu Hajjo da Malam Rabe suna gaishe ka. Ka taho da ayarin farko ka faɗa wa Gwaggo gaskiya da bakinka, in ka same ta.

Yayarka,
Kulu