Ruwan wankan jegon Murja

Zuwa ga Yaya Sa'idu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka a Fatakwal, Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan Dutsin-Ma lafiya lau. Inna tana nan Wurma, ƙafar dai ce ke damunta. Ɗiyarka Murja ta sauka, an samu namiji, Allah ya raya.

Na san Inna ta riga ni kai ƙara, cewa na ɗauke mai jego daga gida ba a yi arba'in ba. Haka ne, ga dalili. Masu wankin zinare da ka ba aron gonarka ta bakin rafi suna niƙa dutse, su wanke, su saki ruwan da laka cikin rafi. A ƙasa da su kaɗan masu kura ke cika jarka. Da ruwan nan ake wa Murja wanka safe da yamma, da shi ake dama mata kunun kanwa. Ma'aikatan lafiya sun auna shi, sun ce akwai gubar dalma.

Na gaya wa Inna. Ta ce ita ba jahila ba ce, tun shekarar amai da gudawa aka koya musu tafasa ruwa, kuma babu ruwan da ke tafasa kamar na jego. Na ce mata wuta ƙwayar cuta take kashewa, dalma ƙarfe ce, ruwa ya ƙone ita ta zauna a tukunya. Ta ce karatu ya yi mini yawa. Ban ga laifinta ba, abin da aka koya mata ta riƙe. Jibo, shugaban masu wankin, shi ya ba ni haushi. Cewa ya yi shi ma ruwan yake sha, ga shi garau. Na ce masa ba a auna guba da ƙato, a tambayi awakin Ilu maƙwabcinmu da suka yi ta ɓari bana.

Murja da jaririn suna wurina, muna wankan da ruwan burtsatse. An ɗebi jininsu duka biyu, muna jiran sakamako. Ita kallon yaron kawai take yi in yana shan nono, ta tambaye ni ko ita ce ke ba shi gubar.

Jibo ya ce ba mai tashinsa sai mai gona. Kai ne mai gona. Ka buga masa waya. In ba ka buga ba zan je gaban hakimi, kuma da sunanka zan fara.

Ka gaida Sakinatu da Usaini da Yasmin. Murja tana gaishe ka, ban gaya mata ba tukuna gonar wa ce.

Wassalam, ƙanwarka,
Nana Hadiza